Ardis da Jaririyar Cikin Rumbu

Duk wanda ya yi makaranta a karkararmu ta yammacin Dakota ta Arewa ya san ƙeyar Ardis Tveit kafin ya san fuskarta. Ita ce direbar motar ɗaukar 'yan makaranta, kuma shekara da shekaru muna zaune a bayanta muna kallon wannan ƙeya, ita kuma tana kallonmu da ido guda ta madubi. Ba ta duka, ba ta zagi. In ka yi rashin ji sai ta taka birki a tsakiyar gonaki, ta kashe mota, ta juyo ta gaya maka gaskiyarka a gaban kowa har ka gwammace dukan. Ta taɓa gaya wa fastonmu cewa wa'azinsa ya fi hanyar birnin Minot tsawo, kuma ita hanyar aƙalla tana kai mutum wani wuri. A zaman makoki kuwa, da an fara yabon mamaci sai mata su tura ta kicin ɗin coci ta dafa kofi, don kada wani ya yi kuskuren tambayar ra'ayinta.

Wannan hali ba daga sama ta tsince shi ba. Kakarta ce ta rene ta, wata tsohuwa mai suna Gunhild, wadda aka kawo daga Norway tana amarya aka sauke ta a filin da ba bishiya ko guda, sai ciyawa da iska. Ɗakin farko da Gunhild ta zauna an gina shi ne da yankakkiyar ƙasa mai saiwar ciyawa, in ruwa ya sauka sai laka ta riƙa ɗiga cikin tukunya. Tsohuwar ba ta da surutu. Sai da ta kwanta ciwon ajali, Ardis tana budurwa tana jinyarta, sannan bakinta ya buɗe, ta riƙa fitar da abubuwan da ta haɗiye tun tana yarinya. Ardis ta kwashe su duka ta ajiye a cikinta, kuma tun daga nan ba ta ƙara iya jin ana shafa wa zamanin da zuma ba tare da ranta ya ɓaci ba.

Ta yi aure, ta haifi ɗa guda, Darrin. Da mijinta ya rasu ta bar wa Darrin gona ta koma wani ɗan gida a cikin gari. Shi Darrin mutumin kirki ne, amma irin mazan nan ne da in mata biyu suka ɗaga murya sai ya tuna akwai abin da ya lalace a jikin tarakta. Ya auro Kendra daga birni, yarinya mai tsafta da ladabi, wadda ba ta taɓa tatsar saniya ba amma ta zo da son rayuwar mutanen da kamar ta haɗiye. Ita ke koyar da 'ya'yanta a gida, Wyatt babba da ƙanwarsa Hattie. Ta ɗinka wa Hattie doguwar riga da hular yadi irin ta matan da, ta sa yara suna girgiza madara a kwalba wai suna kaɗa man shanu. Ardis ta tsaya tana kallonsu, ta kalli firji cike da man shanu na kanti, ta ce, "Kakata da ta ga firjin nan da ta durƙusa ta sumbace shi." Kendra ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne.

A gidan Tveit akwai al'ada tun zamanin Gunhild. Ranar Lahadi in an dawo coci, an ci abinci an kwashe kwanuka, babban gida ne ke zama a kujerar lilo ta bakin taga ya karanta wa yara. Da can Littafi Mai Tsarki ake karantawa. Mijin Ardis ya mayar da shi labaran dawakai. Da kujerar ta faɗo hannun Ardis, ta riƙe ta fiye da yadda ta riƙe komai a rayuwarta, ko da yake da za ka gaya mata haka da ta ce ka daina shirme. Mako guda take yi tana jiran wannan lokaci, Hattie a cinyarta tana warin sabulu, Wyatt a ƙasa ya jingina da ƙafarta. Ba ta da wani abu a duniya da ya wuce yaran nan biyu, kuma ta sani.

Kendra ce ta kawo littattafan, jeri guda a cikin kwali mai ado, tsofaffin labaran mutanen da suka fara sarar wannan ƙasa. Ta ce da su aka rene ta, tana so 'ya'yanta su san tushensu. Ardis ta juya na farko a hannu, ta ga hoton wata uwa da farin ƙyallen girki ko ɗigon datti babu, tana murmushi a ƙofar ɗakin ƙasa. Ta ja tsaki ƙasa-ƙasa, ta gyara tabarau, ta fara.

Ba ta yi nisa ba ta tsaya. Littafin ya ce uban ya zauna gaban wuta yana sassaƙa wa ɗansa doki da itace.

"Da wane itacen?" in ji Ardis. "Kai Wyatt, leƙa taga. Bishiyoyin can kakanka ne ya dasa su. Kafin su ko tsinken sakace babu a nan."

"To da me suke hura wuta, Kaka?"

"Kashin shanu."

Yaran suka ƙyalƙyale da dariya har Hattie ta kusa zamewa daga cinya.

"Dariya kuke? Ai da zamanin ne, ke Hattie ke za a ba buhu ki bi bayan shanu. Busasshe ake tsinta. In kika ɗauko ɗanye, hannunki ne zai gaya miki."

"Kuma su dafa abinci da shi?"

"Su dafa, su ci, su side hannu. Kai da kake tsince albasa a miya, da tuni yunwa ta yi maganinka."

Kendra tana wanke-wanke, ita ma ta yi dariya. Wata Lahadin littafin ya ce ƙasar fayau take ba kowa, tana jiran masu zuwa. Ardis ta sauke shi ta ce, "Ba kowa? To kan kiban dutsen da garmar babanku ke tonowa fa, aljanu ne suka zubar? Akwai masu ƙasa, korarsu aka yi." Wannan karon Kendra ba ta yi dariya sosai ba, ta ce dai, "Ardis, ai yara ne." Ardis ta ce ai shi ya sa take gaya musu, manya sun riga sun lalace.

Haka aka ci gaba, shafi guda na littafi, shafi biyu na Ardis. Yaran sun fi son nata. Da ta fara karanta wuri mai daɗi sai su zuba mata ido suna jiran tsakin, in ya zo su yi tsalle. Ita kuwa kullum littafin ƙara ƙona mata rai yake yi. Fara ta cinye gona, uban ya yi dariya ya ce baɗi ma rana ce. Saniya ta mutu, uwar ta rera waƙa. Ba wanda haƙorinsa ya ruɓe, ba matar da kukan iska ya taɓa wa hankali, alhali Gunhild ta lissafa mata maƙwabta mata da aka ɗaure a keken doki aka kai asibitin mahaukata. Ardis tana ganin kamar an tono kakarta an shafa mata hoda an tsayar da ita a tagar kanti.

Ranar da abin ya fashe, hunturu ne, dusar ƙanƙara ta rufe shinge. A littafin ma hunturu ne. Jaririyar gidan ta kamu da zazzaɓi, uwar ta kwana a kanta, uban ya ratsa guguwa ya ɗauko likita, gari na wayewa jaririya ta buɗe ido ta yi murmushi. Ardis ta karanta wannan duka ba ta ce uffan ba, sai muƙamuƙinta da ke motsi. Da ta yi shiru a nan da ba abin da zai faru. Hattie ce ta ɗaga kai.

"Kaka, ba ki yi tsaki ba."

"Ban yi ba."

"Kenan gaskiya ne? Jarirai duka suna warkewa?"

Ardis ta dubi yarinyar. Ba ta taɓa yi wa yaro ƙarya ba, ba ta kuma ga dalilin farawa da jininta ba. Ta rufe littafin a kan yatsanta.

"Ba duka ba," in ji ta. "Kakata Gunhild ta haifi 'ya mace, sunanta Signe. Ba ta kai ga yin rarrafe ba ciwon maƙogwaro ya kama ta, a irin wannan lokaci. Ba likita, ba hanyar zuwa wurin likita. Ta rasu."

"Sai aka binne ta?" in ji Wyatt.

"Da me? Ƙasa ta daskare ta zama ƙarfe. Babanta ya yi ta sara har ƙotar diga ta karye, ko tafin hannu bai haƙa ba. Kowa a nan ya sani, wanda ya mutu da hunturu sai ya jira ƙasa ta saki. Suka naɗe ta a mayafin auren uwar, suka sa ta a akwati, suka kai ta rumbu suka ɗora a kan alkama."

"Wane rumbu?"

"Wancan." Ta nuna ta taga, tsohon rumbun katako da ke bayan gida, wanda yanzu ake ajiye kekunan yara a ciki. "Shi suka fara ginawa da katako, tun kafin su gina wa kansu gida. Kuma alkamar nan ita ce abincinsu. Duk ranar da za a dafa, sai Gunhild ta shiga ta ɗebo daga gefen 'yarta. Da ta ga kashin ɓera a kan akwatin, sai ta koma zama a can da sanda a hannu, cikin wannan sanyi, tana kora. Wata da watanni. Yatsun ƙafarta biyu a nan suka tafi, ni na gani da idona ina yi mata wanka. Wannan ce kakarku, ba waccan mai farin ƙyalle ba."

Ardis ta juyo daga taga. Sai a lokacin ta lura an kashe famfo a kicin. Kendra tana tsaye a bakin ƙofa, hannunta na ɗigar ruwa, fuskarta ta yi fari fat. Darrin ya miƙe ya ce bari ya duba shanu.

Abin bai tsaya nan ba. Hattie ta daina cin burodi, ta ce na rumbu ne. Ta daina zagayawa bayan gida. Ta riƙa farkawa da kuka tana tambaya ko jaririyar tana jin sanyi. Wyatt kuwa ya kwashe labarin ya kai wa yaran coci, ya ƙara masa gishiri, har wata uwa ta buga wa Kendra waya. Kafin Lahadi ta zagayo Kendra ta zo gidan Ardis ita kaɗai, ta ƙi zama, ta ƙi karɓar kofi, wanda a wurinmu ya fi zagi.

"Ardis, yarinya ce ƙarama. Ko haƙorin fari ba ta zubar ba."

"Ita ta tambaya."

"In ta tambaye ki wuƙa sai ki miƙa mata?"

"In ta tambaye ni ko wuƙa na yanka, zan ce tana yanka. Ke kika kawo littattafan nan kika ce su san tushensu. To ga tushen. Ko tushen ma sai an wanke shi da sabulu kafin ya shigo falonki? Kin sa wa yarinya hula kina wasan 'yar tsana da wahalar mutane. Matan da kike kwaikwayo, rabinsu ba su kai shekarunki ba."

Kendra ta riƙe bayan kujera. Ba ta sauke ido ba.

"Ni za ki koya wa jiran ƙasa ta saki? Ni?"

Ardis ta san inda maganar ta dosa. Kafin Wyatt, Kendra ta haifi ɗa namiji a watan Janairu, bai kwana uku a duniya ba. Maƙabartar cocinmu har yau ba ta haƙa da hunturu, sai aka ajiye shi a ɗakin sanyi na masu jana'iza har ƙasa ta narke. Ardis ce ma ta riƙe ta a bakin kabari. Tun daga ranar ba a ƙara ambatonsa a gidan ba, yaran ba su san an yi shi ba.

Wata surukar da ta tsaya a nan ta ba da haƙuri. Ardis ba ta iya ba.

"Ke kuwa ai kin fi kowa sani," in ji ta. "Shi ya sa nake mamakinki. Eli sunansa. Yana da ƙanne biyu da ba su taɓa jin sunan nan ba, suna zaune ana karanta musu wai jarirai ba sa mutuwa."

"Ɗana ne. Ranar da na iya, zan gaya musu."

"Haka Gunhild ta ce. Ta yi shekara sittin ba ta iya ba. 'Ya'yanta suka girma suka mutu ba su san suna da yaya ba. Ko dutse ba a kafa wa Signe ba, ba wanda ya san inda take kwance. Ni kaɗai na rage da sunan yarinyar nan a baki. In na mutu shike nan, kamar ba a taɓa yin ta ba, sai mai farin ƙyalle ta rage tana murmushi."

"To ki riƙe ta a bakinki," in ji Kendra. "Ba a kan 'yata za ki sauke ba. Ga maganata, kuma Darrin ya sani. In za ki karanta, ki karanta abin da ke rubuce, ba ƙari ba ragi. In ba za ki iya ba, a bar karatun, a bar zuwan Lahadin ma har Hattie ta dawo daidai."

"Ni za ki kora daga gidan da aka haife ni?"

"Ban kore ki ba. Zaɓi na ba ki."

Tana fita Ardis ta ɗauki waya ta kira ɗanta. Ya ɗauka ana jin ƙarar inji a bayansa.

"Mama, don Allah a bar kaza cikin gashinta."

"Kai ne kazar. Matarka ta zo har gida ta kafa mini doka, kai kana ina?"

"Mama, yarinyar ba ta barci. Ni ma ba na barci."

"Kakata ta yi hunturu guda ba ta barci!"

"Na sani, Mama."

"Ba ka sani ba. Ba wanda ya sani. Ku je ku ci littafinku."

Ta kife wayar. Lahadi ta zo ba ta je ba, wata ta zo ba ta je ba. A kicin ɗin coci ta wanke Kendra tas a gaban duk mai kunne, ta haɗa da marubutan littattafan yara, da masu zana musu hotuna, da duk wanda ya taɓa cewa zamanin da ya fi daɗi. Matan suna murza lefse, wainar dankalinmu, suna gyaɗa kai ba mai tanka mata. Wata ta yi ƙarfin hali ta ce ai gaskiya ma tana da lokacinta. Ardis ta ce eh, lokacinta shi ne bayan kowa ya mutu.

Ni dai a ganina tana da gaskiya, kuma da a ce gaskiya na ɗumama ɗaki da ba ta sha wahala ba. Amma hunturunmu dogo ne. Ranar Lahadi da rana ta zama mata azaba. Ta dawo coci, ta ɗumama abincin mutum ɗaya, ta zauna tana kallon agogo tana cewa yanzu sun kwashe kwanuka. A coci tana hango su a layin gaba. Wata rana Hattie ta juyo ta washe mata baki, sai ga giɓi a gaba, haƙori ya fita ba wanda ya gaya mata. Ta ji abin har cikin ƙashinta. Ta fita tun ba a gama waƙar ƙarshe ba, ta zauna a mota tana zagin sitiyari.

Abin da ya ƙarasa ta shi ne maganar Wyatt. Ya ruga ya same ta a wurin ajiye motoci, ya rungume ta, ta tambaye shi wa ke karatu yanzu.

"Wayar Mama. Akwai wata mata a ciki, tana da murya mai daɗi."

"A ina ake ajiye wayar?"

"A kan kujerarki."

Ardis ta ce ranar da ta binne mijinta ma ba ta ji irin wannan ba. Kujerar Gunhild, an ɗora mata waya. Ta kwana biyu tana safa da marwa a ɗan falonta, tana faɗa da mutanen da ba sa nan. Ta lissafa shekarunta, ta lissafa na yaran, ta ga in ta tsaya jiran Kendra ta sauko, yaran za su girma su wuce cinya. Rana ta uku ta kira Darrin ta ce ya gaya wa matarsa za ta zo, za ta karanta abin da ke rubuce. Ya fara godiya, ta ce ya rufe mata baki.

Ta zo da kwanon dafa-dukan taliya da nama kamar yadda ta saba. Kendra ta tarbe ta da mutunci, ta zuba mata kofi, wannan karon kowa ya sha. Aka ci abinci ana maganar farashin alkama da ƙanƙarar hanya. Da aka kwashe kwanuka Ardis ta zauna a kujerar lilo, Hattie ta haye cinyarta ba ta jira an kira ta ba, ta fi da nauyi. Wyatt ya jingina da ƙafarta. Ardis ta ji ɗumin jikinsu ya ratsa ta, ta ji idonta na neman kawo ruwa, ta ƙara jin haushi saboda haka.

Ta buɗe littafin. Sun yi nisa, hunturu ya wuce a can, furanni sun fito, jaririyar tana tafiya. Ardis ta karanta kalma bayan kalma. Uban ya yi dariya, ta karanta. Uwar ta rera waƙa, ta karanta. Aka zo inda suka ci abinci har suka bar saura, yaran suka ɗaga kai suna jira, ta haɗiye tsakin kamar mai haɗiye ƙaya ta wuce. Kendra ba ta shiga kicin ba, tana zaune a gefe da ɗinki a hannu. Darrin ma yau bai sami abin da ya lalace ba.

Ta kusa kai ƙarshen babin Hattie ta dafa shafin da hannu.

"Kaka."

"Na'am, 'yar giɓi."

"Mama ta ce labarin Signe tatsuniya ce. Ta ce kin ƙirƙira ne don ki ba mu tsoro, ba jaririyar da ta taɓa kwana a rumbu." Ta juyo gaba ɗaya ta kama wuyan rigar kakarta. "Tatsuniya ce?"

Ardis ta ɗaga ido ta dubi Kendra. Wannan ba ya cikin sharaɗi. An ce ta karanta abin da ke rubuce, ba a ce ta ƙaryata kakarta ba. Jini ya hau mata kai har kunnenta na ƙara. Kendra ta sauke ɗinkin, idonta ya ciko, kuma ba gadara a cikinsa, roƙo ne zalla. Ardis ta fi son gadarar, da ta san yadda za ta yi da ita.

Ta dubi yarinyar. Ƙasan idonta ya yi duhu don rashin barci. Tana jiran amsa ne daga bakin mutum ɗaya da ta tabbata ba ya ruɗinta. Kalma guda ce tsakanin Ardis da ƙofa, ta san in ta faɗe ta ba za ta ƙara zama a kujerar nan ba. Ta tuna ƙafar Gunhild a cikin kwanon wanka.

"Tatsuniya ce," in ji ta.

Hattie ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, jikinta ya saki, ta kwantar da kai a ƙirjin kakarta ta sa yatsa a giɓinta. Kendra ta sunkuyar da kai. Darrin ya kalli silin.

Wyatt ne ya janye daga jikin ƙafarta. Ya zauna sosai yana kallonta, irin kallon da ake yi wa baƙo.

"Amma kin ce kin ga yatsun da idonki."

Ardis ta sauke ido kan shafin.

"Ashe ke ma kina ƙarya, Kaka."

Ardis ta riƙe littafin gam. A duk tsawon ranta ba mahalukin da ya taɓa gaya mata wannan magana, kuma da wani ne da sai an shiga tsakani. Ta danne shafin da babban yatsa har ya lotsa.

"Ina yi," in ji ta.

Ta juya shafi ta ci gaba da karatu.